Ferruccio Lamborghini (1916-1993): Ɗan Manomin da Ya Nemi Motar da Ba Ta Kwana a Garaji

A cikin ƙasashen Turai babu wadda ta kai Italiya suna wajen ƙera motocin gudu, watau ƙananan motocin nan masu kujera biyu, waɗanda cikinsu ya kusa taɓa ƙasa, masu cin kilomita 250 ko fiye a cikin awa guda. Sunayen Ferrari da Maserati da Alfa Romeo da Lamborghini sun gama duniya. Amma tun da daɗewa akwai wani zargi da ke bin waɗannan motoci. An ce ga kyau kamar amarya, ga gudu kamar barewa, sai dai kwanansu a garaji ya fi kwanansu a gidan mai su. Mutumin da za mu kawo muku tarihinsa yau, wannan zargi ne ya shigar da shi sana'ar ƙera su.

Lalle irin waɗannan motoci ba su da wurin taka ƙafa a hanyoyin rairayi na ƙauyukan Tasawa da Mayahi. Duk da haka tarihin mutumin ya shafe mu, gama ɗan manomi ne, makaniki ne, kuma ya koyi sana'arsa a inda kayan gyara ba su zuwa. Abin da ya dame shi dukan rayuwarsa shi ne abin da ke damun mai injin niƙa, da mai injin ban-ruwa, da direban motar asibiti a ƙasarmu: yaya za a yi na'ura ta tashi kullum da safe, in kuma ta lalace a iya gyara ta ba tare da an sayar da gona ba?

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Ferruccio Lamborghini ran 28 ga watan Afrilu na shekarar 1916 a wani ƙauye da a ke kira Renazzo, kusa da garin Cento, cikin lardin Ferrara, a arewacin Italiya. Sunan mahaifinsa Antonio, mahaifiyarsa kuwa Evelina. Manoma ne masu gonar inabi, shi ne kuma ɗansu na fari. Bisa al'ada shi ya kamata ya gaji gonar. Amma tun yana yaro hankalinsa ya fi karkata ga kayan aikin gona bisa ga noman kansa. In wani ƙarfe ya karye, shi ne mai kwance shi ya ga abin da ke ciki.

Da mahaifinsa ya ga haka bai tauye shi ba. Aka sa shi makarantar koyon sana'a ta Fratelli Taddia, inda ya koyi aikin ƙarfe da na injuna, sa'an nan ya zama yaron makaniki a birnin Bologna. A can ya saba da baƙin mai a hannu, da kwanciya ƙarƙashin mota, da sauraron kukan injin don gane ciwonsa.

Makarantar tsibirin Rhodes

A shekarar 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Aka ɗauki Ferruccio soja, aka tura shi tsibirin Rhodes, wanda ke cikin Bahar Rum daura da gaɓar Turkiyya. Yau tsibirin na ƙasar Girka ne, amma a wancan zamani yana hannun Italiya tun 1912. An sa shi cikin ƙungiyar da ke kula da motocin soja, bai daɗe ba ya zama shugaban garajin.

Tsibiri kuwa ruwa ne ya kewaye shi, ga shi yaƙi ya tsare hanyar jiragen ruwa. In wani ƙarfe ya mutu, ba a sa ran sabo. Tilas makaniki ya ciro daga matacciyar mota ya sa wa mai rai, ko ya ƙera da hannunsa, ko ya sassaƙa na wata mota har ya zauna daidai. Kowane makaniki na tashar Tasawa da ya taɓa rayar da tsohuwar Peugeot 404 da kayan wata ya san wannan makaranta sarai. A nan Ferruccio ya gane cewa na'urar kirki ita ce wadda aka ƙera da sauƙi, wadda mai gyara zai iya kai hannu ga kowane sashe nata.

A shekarar 1943 Jamusawa suka karɓe tsibirin, ya ci gaba da aikin gyara a ƙarƙashinsu. A 1945 Ingilishi suka zo, suka riƙe shi fursunan yaƙi. Sai a 1946 ya sami komawa gida. Ya yi aure da wata mai suna Clelia Monti, amma zaman bai yi tsawo ba, gama ta rasu a 1947 wajen haihuwar ɗansu Tonino.

Daga tarkacen yaƙi zuwa motar noma

Da ya dawo ya buɗe ɗan garaji a Pieve di Cento. Yana da wata ƙaramar Fiat da a ke kira Topolino, ya yi ta sarrafa injinta har ya ƙara mata ƙarfi. A 1948 ya shiga da ita babban tseren nan na Mille Miglia, watau mil dubu, wajen kilomita 1,600, tafiyar da ta fi nisan Yamai zuwa Difa. Bai kai ƙarshe ba, motar ta ƙwace ta daki bangon wani gidan abinci. Tun daga ran nan sha'awar tsere ta fita daga ransa, har kuwa ya mutu bai sake ta ba.

Idonsa yana wani wuri. Yaƙi ya bar Italiya cikin talauci, manoma suna neman motar noma, watau tarakta, babu. A gefe guda kuma ga motocin soja da mayaƙa suka bari jibge, gwamnati tana sayarwa da araha. Ferruccio ya riƙa sayen injunan Morris na Ingila daga cikin wannan tarkace yana harhaɗa tarakta. Matsala ɗaya ita ce injunan isansi su ke sha, isansi kuwa ya yi wa manomi tsada. Sai ya ƙago wata ƴar na'ura mai ɗumama mai, yadda za a tada injin da isansi kaɗan, in ya yi zafi a juya shi ga mai mafi araha, irin kananzir. Taraktar farko sunanta Carioca, ya nuna ta a dandalin garin Cento cikin watan Fabrairu na 1948.

Don ya sami jari, mahaifinsa ya jinginar da gonarsu ga bankin garin. Wanda ya san darajar gonar gado ya san nauyin da ɗan nan ya ɗauka. Allah ya taimake shi, a 1952 gwamnatin Italiya ta yi doka ta ba manoma bashi mai sauƙi don sayen kayan noman da aka ƙera cikin ƙasa, kamar yadda hukumar UNCC, wadda aka kafa a nan ƙasarmu a 1962, ta riƙa ba manomanmu bashin garma da amalanke. Kasuwa ta buɗe. Kafin shekara 10 kamfanin Lamborghini ya shiga sahun manyan masu ƙera tarakta na Italiya. Wajen 1960 ya ƙara da wata masana'anta ta na'urorin ɗumama ɗaki da sanyaya shi. Ɗan manomin Renazzo ya zama attajiri.

Sana'ar tarakta ta ƙara masa wani ilmi. Manomin da taraktarsa ta tsaya ran shuka ya yi hasarar shekara guda. Saboda haka mai sayar da tarakta ba ya gama aikinsa ran da ya karɓi kuɗi. Dole ya tanadi kayan gyara, ya kuma aika da makaniki har gona. Lamborghini ya yi suna da wannan kula, ita ce kuma ma'aunin da ya riƙa auna kowace mota da shi.

Rigimar kuloci

Da dukiya ta samu ya shiga sayen manyan motoci: Alfa Romeo, da Lancia, da Maserati, da Mercedes ta Jamus, da Jaguar ta Ingila. A 1958 ya tafi garin Maranello ya sayi Ferrari 250 GT, daga baya ya ƙara wasu. Ya yaba gudunsu, amma ya ga sun cika ƙara, cikinsu ba daɗin zama, kamar motar tsere ce aka yi wa kwalliya aka sako kan titi. Babban abin da ya ɓata masa rai shi ne kuloci, wanda makanikanmu ke kira ambarayaj.

Kuloci wani faifai ne da ke tsakanin injin da akwatin giya, watau buwat. In direba ya taka shi, ya raba injin da tayoyi don a sauya giya. In ya saki, ya sake haɗa su. Da guga ya ke aiki, saboda haka yana cinyewa, in kuwa ƙarfin injin ya fi ƙarfinsa, nan da nan ya ƙone. Na motar Lamborghini ya yi ta ƙonewa. Kullum yana kan hanyar Maranello, makanikan can su shige da motar ciki, su hana shi ganin abin da su ke yi, su miƙo masa takardar kuɗi mai nauyi. Ga mutumin da ya saba buɗe injin da hannunsa, wannan wulaƙanci ne.

Shi da kansa ya sha ba da labari cewa ya kai kukansa ga mai kamfanin, Enzo Ferrari, mutum mai girman kai, wanda ya sallame shi da cewa mai ƙera tarakta ya tsaya ga taraktarsa. Lamborghini ya koma gida, ya sa makanikansa suka kwance motar, suka sa mata kuloci mafi ƙarfi, ciwon ya warke. Ya kuma lura cewa ƙarfen da a ke sayarwa da araha in na tarakta ne, shi a ke ninka wa kuɗi sau da yawa in an sa shi cikin motar attajirai. Hausawa sun ce ba a rama gayya da fushi. Ya ƙudura zai ƙera tasa motar, mai gudu kamar Ferrari, amma wadda mutum zai tuƙa daga wannan birni zuwa wancan cikin natsuwa, ba makaniki a bayansa.

Motar farko

A shekarar 1963 ya kafa kamfanin motoci a Sant'Agata Bolognese, ba nisa da Maranello. Ya zaɓi bajimin sa ya zama tambarinsa, gama an haife shi cikin burujin Sa, kuma yana sha'awar bajiman faɗa na ƙasar Sipaniya. Tambarin Ferrari kuwa doki ne. Ya ɗauko Giotto Bizzarrini, gwanin da ya bar Ferrari a 1961, ya zana masa injin mai silinda 12. Ya kuma ɗauki samari biyu injiniyoyi, Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani, kowannensu bai kai shekara 30 ba, da wani Bob Wallace, mutumin New Zealand, don gwajin tuƙi.

Bizzarrini mutumin tsere ne, injin da ya kawo na tsere ne, mai ƙarfin doki wajen 360, wanda ba ya nuna ƙarfinsa sai an kai shi ƙarshen juyi. Irin wannan injin yana cin tsere, amma ba ya daɗewa. Lamborghini ya ƙi shi a haka. Ya umurci samarinsa su rage masa zafi. Suka sassauta juyinsa, suka sauƙaƙa hanyar zagayawar baƙin mai, suka mai da ƙarfinsa wajen doki 280. An yi hasarar doki 80, aka sami injin mai laushi, mai haƙuri da tafiyar cikin gari, mai tsawon rai. A cikin dukan shawarwarin da ya yanke a wannan sana'a, babu wadda ta nuna halinsa kamar wannan.

Samfurin farko, 350 GTV, an kai shi bajekolin motoci na birnin Turin a ƙarshen 1963 ba injin a cikinsa, gama injin bai shiga ƙarƙashin murfin ba. Aka kulle murfin, aka ajiye injin a gefe don masu kallo. Motar sayarwa, 350 GT, ta fito a bajekolin Geneva a watan Maris na 1964. Bai ji kunyar sayen kayan waje ba in sun fi inganci: akwatin giya na kamfanin ZF na Jamus ne, birki kuwa na Girling na Ingila. Kowane injin sai an gwada shi awa 24 kafin a ɗora shi. A shekarar farko mota 13 kaɗai aka gama, ya kuma sayar da su da hasara don ya ja masu saye daga Ferrari. Duka duka an ƙera wajen 120. 

Miura: sauri ya haifi nawa

Samarin injiniyoyinsa jininsu na tsere ne. Sun san maigida ya haramta tsere, sai suka riƙa zama da dare, bayan tashi daga aiki, suna zana wata mota dabam, wadda injinta zai kwanta a gicciye a bayan kujerar direba, kamar na motocin tsere. Da suka nuna masa, ya yarda, a zatonsa za ta zama talla kawai, a sayar da kaɗan. An nuna ƙashinta a Turin a 1965. Wani saurayi mai suna Marcello Gandini, na gidan Bertone, ya zana mata jiki cikin ƴan watanni, ta fito a Geneva a watan Maris na 1966. Aka sa mata suna Miura, sunan wani gidan makiyaya bajiman faɗa na yankin Sevilla.

Duniya ta ruɗe. Tsayinta daga ƙasa bai fi mita guda da ƴan kai ba, gudunta ya kusa kilomita 280 a awa, watau da hanya za ta yarda, da ta ci tsakanin Maraɗi da Tasawa cikin wajen rabin awa. Sarakuna da mawaƙa da attajirai suka yi ta rububi, har da Sarkin Iran na lokacin. Daga 1966 zuwa 1973 an ƙera fiye da 760. Ita ce ta kai sunan Lamborghini ko'ina.

Amma an gaggauta fitar da ita, masu saye na farko su suka zama ƴan gwaji. Aibinta uku sanannu ne. Na farko, don a rage wuri, injin da akwatin giya kwano ɗaya suka haɗa, baƙin mai ɗaya su ke sha. Alhali kuwa kowanne da irin man da ya dace da shi, kuma garin ƙarfen da haƙoran giya ke zubarwa yana bin mai ya shiga injin ya ci shi. Sai a kan samfurin ƙarshe, SV, wanda ya fito a 1971, aka raba su. Na biyu, kafireto ɗinta, watau na'urar da ke gauraya isansi da iska, irin na tsere ne. In mota ta daɗe tsaye injin yana juyi a hankali, isansi ya kan taru a bakinsa, tartsatsi kaɗan sai gobara. Miura da yawa sun ƙone ta haka. Na uku, tankin mai yana gaba, in ya kusa ƙarewa gaban motar ya yi sakayau, iska ta riƙa ɗaga shi a babban gudu. Ga kuma zafi da ƙara, gama injin yana dab da ƙeyar direba.

Ashe mutumin da ya shiga sana'a don gyara aibin motocin wani, motar da ta fi ɗaukaka sunansa ta zo da nata. An yi ta gyara ta shekara bayan shekara. Shi kuwa zuciyarsa tana ga motoci masu injin a gaba, masu faɗin ciki, irin su Espada da Islero na 1968, da Jarama ta 1970. A 1969 gwamnatin Italiya ta ba shi lambar girma ta Cavaliere del Lavoro, wadda a ke ba waɗanda suka yi fice wajen aiki da masana'antu.

Faɗuwar kasuwa da komawa gona

Daga ƙarshen 1969 yajin aiki ya game masana'antun Italiya. A 1971 kuma masifa ta faɗa wa kamfanin tarakta, wanda shi ne uwar dukiyar. Dillalinsa na Afirka ta Kudu ya soke cinikinsa. Ƙasar Bolibiya, a Amurka ta Kudu, ta yi odar tarakta 5,000, sai aka yi juyin mulki, sabuwar gwamnatin soja ta ce ba ta so. Kaya suka tsaya jibge, ga albashin ma'aikata. Tilas ya sayar da kamfanin tarakta ga wani abokin gasarsa, SAME. A 1972 ya sayar da kashi 51 cikin 100 na kamfanin motoci ga wani ɗan kasuwar Suwis, Georges-Henri Rossetti. A 1973 kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya, masu sayen motoci masu shan mai suka ja baya. A 1974 ya sayar da sauran kashi 49 ga René Leimer, ya wanke hannunsa.

Ya koma abin da ya guje wa yana yaro. Ya zauna a wata gona mai faɗin wajen hekta 300 kusa da tafkin Trasimeno, a tsakiyar Italiya, yana noman inabi kamar ubansa. Baƙin da suka ziyarce shi sun sha tarad da shi kan tarakta, ko yana gyaran ta. Ya kuma sami ƴa mai suna Patrizia. Ciwon zuciya ya kama shi, ya mutu a asibitin birnin Perugia ran 20 ga watan Fabrairu na 1993, yana da shekara 76. An binne shi a Renazzo, ƙauyen da aka haife shi. A 1995 ɗansa Tonino ya buɗe gidan ajiye kayan tarihinsa a wani ƙauyen lardin Ferrara mai suna Dosso, takwaran Dosso tamu, kafin a mai da shi kusa da Bologna a 2014.

Kamfanin motocin kuwa ya sha wuya bayansa. Ya karye a 1978. A 1980 wasu ƴan uwa biyu, Jean-Claude da Patrick Mimran, na gidan da ya kafa masana'antar sukari ta Richard-Toll a ƙasar Sanagal, suka karɓi ragamarsa suka farfaɗo da shi. A 1987 suka sayar wa Chrysler ta Amurka, a 1994 ya koma hannun wasu ƴan kasuwar Indunusiya, a 1998 kuma kamfanin Audi na Jamus ya saye shi. Injin nan mai silinda 12 da Lamborghini ya sa aka rage wa zafi, an yi ta faɗaɗa shi ana ƙera shi har shekarar 2010, watau kusan shekara 50.

Yadda tsofaffin motocin su ke rayuwa

Da yawa daga cikin motocin da aka ƙera a zamaninsa suna tafiya har yau, sun haura shekara 50. A 2015 kamfanin ya buɗe wani sashe mai suna Polo Storico, aikinsa ajiye zanen kowace tsohuwar mota, da sake ƙera kayan gyaranta, da sabunta ta. Abin da masu riƙon waɗannan motoci suka gano shi ne, yawancin abin da a ke kira rashin aminci rashin kula ne ya tara shi.

Ga kaɗan daga cikin ƙa'idodinsu. Ba a taka injin da ƙarfi sai baƙin mai ya yi ɗumi ya zagaya ko'ina, gama yawancin cinyewar ƙarfe a mintocin farko ta ke faruwa. Ana juye baƙin mai bisa lokaci, ko mota ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Ana sauya man birki a kai a kai, domin yana shan laima daga iska, ya sa tsatsa daga ciki. Ana sauya bututun roba na isansi da na ruwa tun ba su tsage ba, gama roba tana bushewa da shekaru, kuma ɗigon isansi a kan injin mai zafi shi ne mafarin gobara. Motar 350 GT kafireto 6 gare ta, dole gwani ya daidaita su su riƙa numfashi tare, in ba haka ba wata silinda ta ƙoshi wata ta kwana da yunwa. Jikinta na alminiyom ne bisa ƙashin baƙin ƙarfe, inda biyun suka haɗu kuwa laima tana cin su a ɓoye, sai an riƙa dubawa. Babbar ƙa'ida kuma ita ce, ajiye mota ba tuƙi ya fi tuƙa ta lahani: batir ya mutu, isansi ya lalace a tanki, birki ya kafe, taya ta zauna. Kowace mota kuma tana da littafinta, inda a ke rubuta ranar kowane gyara da abin da aka sauya. Motar da littafinta ya cika ta fi wadda ba ta da shi daraja nesa ba kusa ba.

Abin da ya rage mana

Ƴan uwa, babu ko ɗaya cikin waɗannan ƙa'idodi da ya fi ƙarfin mai babur ko mai injin niƙa a Mayahi. Mu ma har da ƙari, gama ƙurar hunturu da rairayin Gulbin Kaba suna toshe matatar iska, in kuwa rairayi ya shiga injin, aikin wasa wuƙa ya ke yi masa. Wanke matata, da duba ruwa da baƙin mai kowace safiya, da guje wa gurɓataccen mai, ba su kai kuɗin sabon injin ba. Rigakafi ya fi magani.

Ga ma'aikatan gwamnati kuma akwai magana ta musamman. Kowa ya san harabar ma'aikatun da motoci ke zaune bisa duwatsu, ba tayoyi, kaji suna ƙwai a cikinsu. Da yawansu ƙaramin abu ne ya fara tsai da su, aka ce sai gobe, har aka fara ciro kayansu ana sa wa wasu. Kuɗin talakawa ne aka sayo su da shi. Motar asibitin da ta ƙi tashi da tsakad dare, ran da mace mai naƙuda ke jira a wani ƙauye mai nisa da Tasawa, rai ne ta ke ci. Wanda zai sayo wa hukuma mota ko injin, kafin ya dubi kyau da gudu, ya kamata ya tambaya: akwai kayan gyaransa a Maraɗi ko Damagaram? Akwai makanikin da ya san shi? An ware kuɗin kula da shi cikin kasafin shekara? Akwai littafin da direba zai riƙa cikawa? Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci, ga wurin da rubutunsu zai yi amfani nan take.

Ferruccio Lamborghini ya yarda ya rage wa injinsa doki 80 don ya daɗe yana aiki, injin ya yi kusan rabin ƙarni ana ƙera shi. Sa'ad da kuma aka bi kyau da sauri aka gaggauta, shi kansa ya ga sakamakon a kan Miura. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da ke hannunmu da amana.